Sirki, zafi, ruwa ko ingantawa: wace hanya za ka bi wajen tura ɗanyen mai mai kauri ta bututu?

Ka ɗebo bitumin, wato ɗanyen mai mai kauri kamar kwalta, irin na Athabasca a lardin Albata na Kanada, ka zuba shi a kwalba a irin sanyin ƙasar da yake kwance, sannan ka kifar da kwalbar. Za ka ƙosa da jira bai motsa ba. Kaurinsa a wannan hali yana kai miliyan 1 har ya haura a ma'aunin kauri na cP, alhali ruwa 1 ne kacal a wannan ma'auni. Man yankin Orinoko na Benezuwela kusan nauyinsu ɗaya, digiri 8 zuwa 9 a ma'aunin nauyin mai na API, inda ƙaramar lamba ke nuna mai nauyi, wato ya fi ruwa nauyi tunda ruwa 10 ne, amma da yake ƙarƙashin ƙasar can da ɗumi, yana iya malalowa cikin rijiya. Sai ya fito sarari ya huce sannan ya kafe. Masu bututu kuwa ba sa karɓar uzuri. A Kanada ƙa'idar da aka saba ita ce kauri kada ya wuce cSt 350 (ma'aunin kauri ne makusancin cP) a zafin da bututun yake, nauyi kada ya wuce kilogiram 940 a kowace mita kubik, ruwa da laka kuma kada su haura kashi 0.5 cikin 100.

Daga miliyan 1 zuwa 350 tafiya ce mai nisa, kuma hanyoyi huɗu ake bi: a sirka man da wani mai tsinkakke, a ɗumama shi, a lulluɓe shi da ruwa, ko a sauya halittarsa tun kafin ya shiga bututu. Wanda ke tsaye tsakanin waɗannan yakan ɗauka tambayar ita ce wacce ta fi rage kauri da araha. Ni a ganina tambayar da ta fi wannan ita ce: me kowace hanya take yi wa asfaltin, wato sashe mafi nauyi da ke cikin man?

Abin da ke cikin man

Asfaltin ba sinadari guda ba ne, taron dubban ƙwayoyi ne da aka haɗa su a suna ɗaya saboda halinsu. Duk abin da ke cikin mai da ya ƙi narkewa a heptan ko pentan (farafin ne masu sauƙi) amma ya narke a tuluwin (dangin aromatik ne), shi ake kira asfaltin. Masanin Faransa Boussingault ne ya raɗa masa sunan a 1837. Idan aka tace shi ya bushe, gari ne baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, yana murmushewa a yatsa, ba ya narkewa da zafi kamar kaki, sai dai ya yi laushi, in wuta ta yi yawa ya rikiɗe ya zama gawayi. A ɗakin gwaji akan raba ɗanyen mai gida huɗu: dangin farafin, dangin aromatik, rezin, sai asfaltin. Shi ne mafi nauyi a cikinsu, a jikinsa ne yawancin ƙarafan banadiyam da nikel suke maƙale, kuma ƙaruwarsa kaɗan tana ninka kaurin mai ninki ba ninki.

Fasalin da aka fi yarda da shi yanzu, wanda ake dangantawa ga masana biyu, Yen da Mullins, ya nuna ƙwayar asfaltin ɗaya ba wata babba ba ce, nauyinta kusan giram 750 a kowane mol. Matsalar ita ce ba ta son zama ita kaɗai. Kamar shida sukan jeru a kan juna su yi ɗan curi mai faɗin nanomita 2, waɗannan curarrakin kuma su sake haɗuwa su kai nanomita 5. Muddin abin da ke kewaye da su yana da wadatar aromatik da rezin, a haka za su yi ta shawagi cikin man ba su dami kowa ba. Ranar da farafin mai sauƙi ya rinjaya, sai su dunƙule su yi gudaji su kwanta.

Akwai misali guda da duk mai wannan aiki ya kamata ya riƙe. Man Boscan na Benezuwela kusan kashi 17 cikin 100 nasa asfaltin ne, amma ba a san shi da toshe rijiya ba. Man Hassi Messaoud na Aljeriya tsinkakke ne, digirinsa ya haura 40, asfaltin ɗinsa bai kai rabin kashi 1 ba, amma shekara da shekaru ana fama da toshewar bututun rijiyoyinsa. Ashe yawan asfaltin ba shi ne abin tsoro ba, mazauninsa ne. Mai kauri yana riƙe da nasa da kyau saboda yana cike da dangin da ke narkar da shi. Kai ne, da hannunka, kake iya ɓata wannan zaman idan ka zuba masa abin da bai dace ba.

Kada kuma a haɗa shi da kakin mai. Kaki sanyi ne ke fito da shi, zafi ya mayar da shi. Asfaltin sauyin haɗi ne ke fito da shi, ko faɗuwar matsi a man da ke ɗauke da iskar gas, kuma ɗumamawa ba ta mayar da shi yadda yake. Na sha ganin an ruɗa su biyun a rahoto, a rubuta maganin kaki ga ciwon asfaltin.

Ma'aunan da zan bi

Na farko kuɗi, amma gida biyu: na kafawa, wanda ake kashewa sau ɗaya, da na kullum, wanda ke bin kowace ganga har rijiya ta ƙafe. Na biyu, abin da zai faru idan famfo ya tsaya. Wannan ma'aunin shi aka fi mantawa da shi a takarda, shi ne kuma ya fi cin mutane a fili, domin babu bututun da ba ya tsayawa: wuta ta ɗauke, bawul ya ƙi, ko a rufe don gyara. Na uku zaman lafiyar asfaltin. Na huɗu nisa da yawan gangunan da za a tura. Na biyar abin da mai saye zai karɓa a ɗaya ƙarshen, tunda ba kowace matata ce ke da kayan sarrafa mai kauri ba. Na ƙarshe, irin ɓarnar da za a yi idan bututun ya fashe.

Sirki

Wannan ita ce hanyar da yawancin man duniya mai kauri ke bi, kuma da dalili. Ba ta buƙatar wani bututu na musamman, tankunan haɗawa ne da ma'aunai. Idan famfo ya tsaya kwana uku, man yana nan yadda ka bar shi, ka tayar ka ci gaba. A Kanada akan zuba kondenset, wato ruwan da ke fitowa tare da iskar gas, kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Idan da ɗanyen mai ingantacce za a sirka, sai an kai kusan rabi da rabi, domin bai kai kondenset tsinkewa ba. Western Canadian Select da ake jin sunansa a kasuwa haɗi ne irin wannan, digirinsa kusan 21. Benezuwela ma da nafta, wani tsinkakken mai da ake samu a matata, da ɗanyen mai marar nauyi take haɗa nata da ake kira Merey mai digiri 16.

Kuɗin kafawa kaɗan ne, na kullum shi ne ciwon. A duk ganga 10 da ka biya kuɗin turawa, 3 ba kayanka ba ne, abin sirki ne da ka saya, sau da yawa da tsada fiye da yadda za a biya ka shi a cikin haɗin. Kuma sai an kawo shi inda rijiyar take. Kanada sai da ta shimfiɗa bututun Southern Lights daga jihar Illinois ta Amurka zuwa birnin Edmonton na Albata a 2010, ta kuma juya akalar bututun Cochin a 2014, duk don ɗauko abin sirki. Benezuwela ta ga ɗaya fuskar wannan dogaro bayan takunkumin Amurka na 2019, lokacin da naftar da ta saba saye ta yanke, ta koma nema daga Rasha da Iran. Wanda ya zaɓi sirki ya ɗaura rijiyarsa a ƙafar wata kasuwa da ba shi ke juya ta ba.

Ga inda asfaltin ya shigo. Abin sirkin da ya fi rage kauri da ɗan kaɗan, wato mai yawan pentan da heksan, shi ne ainihin abin da ake amfani da shi a ɗakin gwaji don a fitar da asfaltin daga mai. Garin neman gira ana iya rasa ido. A kashi 30 yawancin bitumin yana jurewa, bai kai gaɓar da gudaji ke fara fita ba. Amma wannan lissafi ne na haɗin da ya gama gaurayuwa. A bakin bututun da ake zubawa, lamarin daban ne. Idan ka tura mai kauri cikin tankin da ke cike da kondenset, ɗigon farko zai tsinci kansa a tsakiyar farafin zalla, asfaltin ɗinsa ya fita nan take, kuma ko da daga baya haɗin ya daidaita, komawarsa cikin mai tana da nawa ƙwarai, wani ma ba ya komawa. Shi ya sa ake zuba tsinkakken a cikin mai kaurin sannu a hankali ana juyawa, ba akasin haka ba. Masana biyu, Wiehe da Kennedy, sun tsara wannan a 2000 da lambobi biyu: ɗaya na nuna wuyar narkewar asfaltin ɗin mai, ɗayan na nuna ƙarfin narkarwar man. Dole na biyun ya zauna sama da na farkon a kowane mataki na haɗawa, ba a ƙarshe kaɗai ba.

Gwajin farko ba shi da wahala. Ka haɗa man da abin sirkin a rabon da kake nufi, ka ɗumama, ka ɗiga ɗigo ɗaya a kan takardar tacewa, ka busar a tanda. Idan tabon ya bazu launi ɗaya daga tsakiya har gefe, haɗin ya zauna. Idan ka ga wani baƙin zobe ko baƙar ƙwaya a tsakiya, gefen kuma ya yi haske, asfaltin ya riga ya fita, kuma abin da ka gani a takarda shi za ka tarar a gindin tanki da cikin na'urar musayar zafi ta matata. Wannan shi ne gwajin ASTM D4740, wanda asalinsa na man jiragen ruwa ne, yana ba da maki 1 zuwa 5. Ba ya wadatarwa shi kaɗai. Akwai kuma lissafin da ake haɗa farafin da asfaltin a raba da jimlar aromatik da rezin, in ya haura 0.9 a ce akwai haɗari, in ya gaza 0.7 a ce lafiya. Ina ɗaukarsa a matsayin ƙararrawa kawai, domin yakan yi kuskure a mai kauri. Hukunci na gaske yana wurin gwajin da ake ɗiga heptan a hankali ana kallo da haske ko madubin ƙara girma har gudajin farko ya bayyana, kuma a maimaita bayan kwana ɗaya ko biyu, saboda wani haɗin yakan yi kyau da safe ya ɓaci washegari.

Nafta mai ɗan aromatik da ɗanyen mai ingantacce sun fi kondenset tausaya wa asfaltin, sai dai ana buƙatar su da yawa.

Batun fashewa ma yana da nauyi. Binciken da cibiyar kimiyya ta ƙasar Amurka ta fitar a 2013 bai sami shaidar cewa bitumin sirkakke ya fi sauran ɗanyen mai cin bututu ba. Amma idan ya zube a ruwa halinsa daban ne. A watan Yulin 2010 bututu ya fashe kusa da garin Marshall a jihar Michigan, man ya shiga kogin Kalamazoo. Abin sirkin ya bi iska cikin 'yan kwanaki, abin da ya rage ya haɗu da laka ya nutse ƙasan kogi, inda shingen da ake tare mai a saman ruwa ba shi da amfani. An yi shekaru ana yasa, kuɗin ya haura dala biliyan 1.

Zafi

Kaurin mai yana faɗuwa da zafi fiye da yadda mutum zai zata. Bitumin ɗin da ke miliyan 1 a sanyi, idan ya kai digiri 100 na Selsiyos ya sauko 'yan ɗaruruwa, a digiri 200 kuma kusan 10. Kyawun wannan hanya shi ne ba ka ƙara wa man komai ba, ba ka cire masa komai ba. An bar kaza cikin gashinta: asfaltin yana zaune cikin danginsa, kuma duk gangar da ke cikin bututun taka ce. Mai saye ma yana karɓar man yadda Allah ya yi shi.

Kuɗin kafawa ya fi na sirki nesa ba kusa ba. Sai an naɗe bututu da abin riƙe zafi, a gina tashoshin ɗumamawa a hanya ko a bi jikinsa da wayar lantarki, a yi lissafin miƙewar ƙarfe, a zaɓi fentin da zai jure zafi. Tsatsa tana sauri a ƙarfe mai ɗumi, musamman wadda ke ɓuya ƙarƙashin naɗin inda ido ba ya gani. Na kullum kuma makamashi ne, dare da rana.

Amma babban aibinta tsayawa ce. Bututu mai ɗumi da ya tsaya agogo ne ke bugawa a kansa. Man yana hucewa daga bango zuwa tsakiya, kuma akwai sa'ar da idan aka wuce ta, matsin da ake buƙata don a sake tura shi ya fi abin da ƙarfen zai iya ɗauka. Saboda haka duk mai wannan tsari dole ya tanadi tankin mai tsinkakke da zai kora cikin bututun ya fitar da mai kaurin kafin ya kafe, da janareto na ko-ta-kwana. Ka lura, wannan man korar ma sai an gwada dacewarsa da asfaltin, in ba haka ba ka guje wa matsala ɗaya ka faɗa wata.

A Kalifoniya an daɗe ana ɗauko man kwarin San Joaquin ta bututu mai ɗumi. Za a kawo maka misalin dogayen bututu masu zafi, irin na Mangala a Indiya mai kusan kilomita 670, ko na Yuganda zuwa Tanga a Tanzaniya mai kilomita 1,443 da aka tsara riƙe shi a wajen digiri 50. Waɗannan na mai kaki ne, wanda da zarar ya haura zafin narkewar kakinsa ya zama tsinkakke. Mai kaurin gaske yana buƙatar zafin da ya fi haka sosai, don haka kada a auna shi da su.

Ruwa

Tunanin yana da kyau: a farfasa man ya zama ƙananan ɗigo, a watsa su cikin ruwa da taimakon sinadari mai aiki irin na sabulu, ta yadda ruwa ne ke gogar bangon bututu, man yana tafiya a goye. Benezuwela ta kai wannan matakin kasuwa da Orimulsion, kashi 70 bitumin, kashi 30 ruwa, wanda cibiyar bincikenta Intevep ta ƙirƙiro a shekarun 1980. An ƙona shi a tashoshin lantarki a Kanada, Denmak, Italiya da Jafan, kafin a dakatar da shi a wajen 2006, lokacin da ƙasar ta ga sirkawa da ingantawa sun fi kawo riba.

Ruwa ya fi nafta araha, kayan haɗawar ma ba su kai na ɗumamawa tsada ba. Sai dai asfaltin a nan abokin gaba ne ta wata fuska. Ɗabi'arsa ita ce ya taru a kan iyakar mai da ruwa ya yi fata mai tauri, kuma ya fi son ruwa ya zama ɗigo a cikin mai, wato akasin abin da kake so. Idan sinadarin ya gaza, ko famfo ya markaɗa haɗin da ƙarfi, ko gishirin ruwan ya sauya, haɗin yana iya juyewa, kuma juyayyen haɗi ya fi man asali kauri. A ƙasa mai sanyi ruwan yana daskarewa. A ɗaya ƙarshen kuma, in matata za a kai, sai an raba auren da aka sha wahalar ɗaurawa, a sauko da ruwa ƙasa da kashi 0.5, sannan a san yadda za a yi da gurɓataccen ruwan.

Wannan hanya tana da 'yar'uwa, inda ake tura man a tsakiya, siririn ruwa yana zagaye da shi kamar riga. Tana aiki muddin ana tafiya. Da an tsaya, mai da ruwa sun rabu, man ya manne a bango, tayarwa ta zama aiki.

Ingantawa

Nan ba lallashin man ake yi ba, sauya shi ake yi. Cikakkiyar ingantawa tana fasa manyan ƙwayoyin da zafi mai tsanani a fitar da gawayin mai, ko a ƙara musu haidurojin, a sami ɗanyen mai mai digiri sama da 30 wanda kowace matata za ta karɓa. Kanada ta fara a 1967 da masana'antar da ta zama kamfanin Suncor, ta kamfanin Syncrude ta biyo a 1978. Benezuwela ta gina guda huɗu a José a farkon shekarun 2000. Ba abin sirki, ba fargabar tsayawa, farashin ganga kuma ya tashi. Amma wannan gina rabin matata ne a bakin rijiya: biliyoyin daloli, shekaru ana gini, buƙatar iskar gas don haidurojin, tulin gawayi da farar wuta, hayaƙi mai yawa, da ƙwararrun da za su riƙe ta. Ranar da masana'antar ta tsaya, rijiyoyin ma sun tsaya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne rabin ingantawa, inda ake neman a kai man ga ƙa'idar bututu kawai. Hanya ɗaya ita ce a mayar da aibin asfaltin ya zama makami: a zuba furofen, butan ko pentan da gangan, a bar shi ya kwanta, a kwashe. Kauri ya faɗi, ƙarafa su ragu, kuma gudajin yana jan ruwa da laka su sauka tare. Mahaƙar bitumin ta Muskeg River a Albata ta fara wanke bitumin da farafin a kan wannan dabara a 2003, mahaƙar Kearl ta biyo a 2013 tana sayar da nata ba tare da masana'antar ingantawa ba, ko da yake har yanzu ana ƙara masa abin sirki. Asararta a fili take: asfaltin yana kai kashi 15 zuwa 20 na bitumin ɗin Athabasca, duk abin da ka cire ya fita daga gangunan sayarwa, kuma sai ka samo masa wurin zuwa.

Ɗaya hanyar ita ce fasawa da matsakaicin zafi. Tana da araha a kan cikakkiyar, amma tana da iyaka, kuma asfaltin ne ke shata iyakar. Zafin yana yanke wa ƙwayoyinsa rassan da ke taimaka musu zama cikin mai, yana rage rezin, yana kuma haifar da sabbin ƙwayoyi masu sauƙi. Wato asfaltin ya ƙara taurin kai a daidai lokacin da mazauninsa ya ƙara rauni. Ka matsa kaɗan fiye da kima, man zai fito tsinkakke amma yana zubar da baƙin gari a tanki. Ga kuma wani nau'in sinadari, olefin, da fasawar ke haifarwa, wanda bututun Kanada ba sa karɓar fiye da kashi 1 cikin 100, don haka sau da yawa sai an bi shi da haidurojin, kuɗin da aka guda ya dawo.

| Ma'auni | Sirki | Zafi | Ruwa | Ingantawa |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin kafawa | kaɗan | da yawa | matsakaici | mafi yawa |
| Kuɗin kullum | da yawa, yana bin kasuwa | makamashi ba yankewa | sinadari da tace ruwa | gas, gyara, ma'aikata |
| Idan famfo ya tsaya | ba damuwa | haɗari babba | yana iya rabuwa ko juyewa | ba damuwa a bututu |
| Asfaltin | yana iya fita | yana zaune | yana dagula haɗin | an cire ko an fasa shi |
| Nisa | kowane | gajere zuwa matsakaici | matsakaici | kowane |
| Wurin da man ke ci a bututu | kashi 50 zuwa 75 | duka | kusan kashi 70 | duka |
| Mai saye | matata mai kayan mai kauri | matata mai kayan mai kauri | tashar lantarki, ko a raba | kusan kowace matata |

Wani zai tambayi sinadaran rage gogayya da ake ɗigawa a bututu. Waɗannan suna aiki ne inda mai ke gudu yana hargitsewa. Mai kauri yakan tafi a natse, don haka amfaninsu a kansa kaɗan ne sai bayan an riga an sirka shi.

Wa ya dace da wacce

Idan filinka ƙarami ne ko matsakaici, akwai bututun haya kusa, kuma kana da tabbacin samun abin sirki daga wuri fiye da ɗaya, ka sirka. Amma kada ka sa hannu a kwangilar abin sirki kafin ka gwada shi da ainihin manka, a rabo daban-daban, da tsarin zubawar da za a bi a fili, kuma ka sake gwadawa duk lokacin da mai kawowa ya sauya. Idan man da kansa yana kusa da gaɓar fitar asfaltin, ka biya ƙarin kuɗin nafta mai aromatik ko ɗanyen mai matsakaici, ya fi maka sauƙi a kan yasar tanki.

Idan tazarar gajeriya ce, daga rijiya zuwa tashar tarawa ko matatar da ke 'yan kilomita goma-goma, kana da gas mai araha da wutar da ba ta yankewa, zafi ya fi. Haka ma idan abin sirki yana da wuyar samu. A tsaka-tsakin nisa, mutane da yawa suna haɗa biyun: ɗan zafi ya rage yawan abin sirkin, ɗan sirkin kuma ya tsawaita sa'o'in da bututu zai iya tsayawa bai kafe ba. Wannan haɗin shi nake fara dubawa ga duk man da digirinsa ke tsakanin 12 da 18.

Ruwa ya dace da wanda ƙona man zai yi kai tsaye, a ƙasa mai ɗumi, da mai saye guda da ya shirya tukunyarsa da matatar hayaƙinsa don farar wuta da banadiyam. Idan matata ce ƙarshen tafiyar, ba na ba da shawararsa sai a ɗan gajeren layi cikin fili.

Cikakkiyar ingantawa ta mai arzikin da zai yi shekaru 30 ko fiye yana fitar da ganga dubu ɗari zuwa sama a kullum ce, wanda ke nesa da matatun da ke iya sarrafa mai kauri, kuma yake da jarin da zai jira. Wanda bai kai nan ba amma kuɗin abin sirki yana cinye ribarsa, ko bututun da yake haya ya cika, ya duba cire asfaltin da farafin, bisa sharaɗin ya riga ya san inda zai kai abin da ya cire: kwaltar hanya, tukunyar da ke mayar da shi gas, ko ramin ajiya da hukuma ta amince da shi.